Tabo Ashirin da Biyu a Jikin Dabino

Sati biyu bayan an kafa turaku masu jan kai a gabashin Hijaltala, Tofazzal Munshi ya zo gaishe ni riƙe da kwalin alewar madara. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu kafin in ajiye alli, kuma ban taɓa ganin ƙafar Tofazzal a tsakar gidana ba sai ran nan. A birnin Jessore ya tashi, can yake da kantin kayan gini. Abin da ya haɗa shi da mu gona ce bigha biyu, wato ƙasa da eka ɗaya, da ya gada, wadda yanzu ta faɗa cikin filin da gwamnati za ta karɓa don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa.

Na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo shayi. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi 'yata da ke aure a Khulna, ya yaba bishiyar gwandar da ke bakin rijiya. Sai da ya kusa ganin gindin kofin sannan ya ce, "Malam, takardar nan da ka rubuta mana ni da Jobeda, kana da wata irinta a ajiye?"

"Guda ɗaya ce, tana hannunta."

"Ba a kai ta ofis an yi mata rajista ba ko?"

"Kai da bakinka ka ce kuɗin rajista ɓarna ne tsakanin mutanen da suka san juna."

Ya yi dariya, ya ce tambaya ce kawai. Da zai tafi ya tura kwalin gabana. Na so in ce ya koma da abinsa, nauyin baki ya hana ni.

Ga yadda maganar gonar take. Shekara huɗu da suka wuce Tofazzal ya shiga matsi, ya jinginar da ita ga Jobeda, matar marigayi Hatem mai keken ɗaukar kaya, a kan kuɗin ƙasarmu taka dubu ɗari da hamsin. Awarwaronta na zinariya da keken mijinta ta sayar ta haɗa kuɗin. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani: amfanin gona nata ne har ranar da kuɗinta suka dawo. Ita ba ta noma. Mai noman gonar tun zamanin mahaifin Tofazzal shi ne Sekandar, wanda ake raba amfani biyu da shi. Da aka yi jingina, abin da ya sauya kawai shi ne ƙofar gidan da yake sauke buhunan shinkafa.

Washegari da la'asar sai ga Sekandar. Dattijo ne busasshe, ya ba sittin baya, ƙirjinsa da cinyoyinsa duk kanta saboda hawan dabino. Ya ɗaura sabon lungi, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, mai layi shuɗi, ko wankin fari ba a yi masa ba. Bai zauna ba. Idonsa na kan kwalin alewar da ke kan tagata.

"Ashe kai ma an zo maka," in ji shi.

"An zo. Zauna, Sekandar."

"A'a, tsayuwar ma ta isa. Ni zane aka ba ni, kai alewa. Ban san wanne ya fi tsada ba."

Na bar shi ya huce, sannan na tambaye shi abin da ya faru. Ya ce Munshi ya same shi a gona, ya ba shi lungin da taka dubu biyu, ya ce tsufa ya kama shi, daga yanzu ya daina wahalar raba amfani, za a riƙa biyansa lada kowane wata. Abin da ake so kawai ya dangwala yatsa a wata 'yar takarda.

"Ka dangwala?"

"Na ce masa yatsan ya yi ciwo." Ya ɗaga babban yatsansa, lafiya lau. "Malam, mutumin da ya yi shekara goma bai tambayi ko ina raye ba, yau shi ke tausayin bayana? Kura ba ta gaisuwar akuya a banza."

Na ɗauko sanarwar gwamnati da na kwafo daga allon ofishin ƙauye, na karanta masa a hankali, layi bayan layi, yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ranar ashirin ga wata ma'aikata za su zo su rubuta abin da ke kan kowace gona da sunan duk mai haƙƙi a cikinta. Kuɗin ƙasa na mai ƙasa ne. Amma wanda ya daɗe yana noma bisa rabo yana da kaso a diyyar amfani, kuma kuɗin itace na wanda ya dasa ne. Ɗan ƙwadago kuwa ba shi da komai, an riga an sallame shi da ladansa.

Sai a lokacin ya zauna, a bakin tabarma.

"Dabino goma sha ɗaya ne a kan iyakar gonar nan," ya ce. "Da hannuna na dasa su. Ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya. In jirgi ya cinye gonar kuma sunana bai shiga littafin ba, a ina zan sa garma? Wa zai ɗauki tsoho irina?"

"In sunanka ya shiga, kuɗin za su isa ka karɓi jinginar wata 'yar gona a yamma."

"In ya shiga." Ya sake duban kwalin. "Kai ka karanta, ni ban gani ba. Wa ya sani ko akwai layin da ka tsallake."

Maganar ta sosa ni, amma ban ga laifinsa ba. A kwanakin nan duk ƙauyen haka ya zama. Mutum biyu in suka tsaya magana a bakin tafki, na uku zai rage tafiya. A teburin mai shayi ana ƙirga wanda ya hau motar Jessore da wanda ya dawo da sabuwar jaka.

Bayan kwana uku Sekandar ya dawo a fusace. Mutanen wurin gasa bulo sun zo da igiya suna auna kaurin dabinan. Sun ce Munshi ya sayar musu don itacen wuta, ran Alhamis za su zo da zarto.

"Da sanin Jobeda aka yi," ya ce. "Jiya an ga Munshi ya fito daga gidanta yana sakace haƙori. Sun gama raba ni kamar kifi."

Abin ya tsaya mini a rai. Kuɗin itacen na Sekandar ne in an rubuta shi, wannan na gane. Amma in Tofazzal ya tabbata zai mai da shi ɗan ƙwadago, ai barin itacen a tsaye ya fi masa riba, don abin da gwamnati za ta biya ya ninka na masu bulo nesa ba kusa ba. Me zai sa ɗan kasuwa ya zaɓi ƙaramin kuɗi?

Da safe na ɗauki sandata na bi kan iyakar gonar. Farkon sanyi ne, lokacin tatsar dabino. Tukwane na rataye a wuyan kowace bishiya, ruwa mai zaƙi na ɗiga ta ɗan bututun gora. Na tsaya a gindin babbar cikinsu, na ɗaga kai. Sai na tuna shekarun da nake kawo yara nan in koya musu ƙirga. Dabino ba ya ɓoye shekarunsa. Bana a sassaƙe shi ta gabas, baɗi ta yamma, kowace shekara ta bar tabonta, har jikinsa ya zama kamar matakala. Na ƙirga daga ƙasa, na sake ƙirgawa daga sama. Ashirin da biyu, ban da yankan bana. Ashe wani a birni ya riga ya ankarar da Tofazzal abin da ni, da na tsufa a gindinsu, na manta.

Daga nan gidan Jobeda na nufa. Na same ta tana shanya dafaffiyar shinkafa a tsakar gida, tana korar kaji da tsintsiya. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta turo mini kujera da ƙafa.

"Alewa ta ƙare ne, Malam, aka fito neman ƙari?"

"Tana nan a taga. Tururuwa sun fi ni cin moriyarta."

"To wa ya aiko ka? Mai zane ko mai ba da zane?"

"Ƙafata ce ta kawo ni, ƙanwata. Tambaya ɗaya gare ni. Me Tofazzal ya yi miki alkawari?"

Ta yi ta juya shinkafar da ƙafa kamar ba ta ji ba. Can ta ce ya yi rantsuwa ranar da kuɗin gwamnati suka fito zai ba ta nata cif, da ƙarin dubu goma. Ita dai ta ce wa ma'aikata ba kowa a gonar lokacin da ta karɓa, Sekandar ɗan ƙwadago ne. Kuma ta kau da kai a kan maganar dabino.

"Kada ka dube ni haka," ta ce. "Kuɗin nan su ne mijina, su ne ɗana. Yau gona na hannuna, shi ya sa Munshi ke cewa Yaya Jobeda. Gobe in gwamnati ta ɗauke ta, me zan riƙe? Iska? Sunansa ne a ofis, hannunsa kuɗin za su faɗa. In na ɓata masa rai na shiga uku."

"Gaskiya ne. Ya rubuta miki alkawarin?"

"Ya rantse."

"Ɗauko takardarki mu duba."

Ta shiga ɗaki ta fito da ita a naɗe cikin leda. Ba ta sakar mini ba. Ta riƙe gefe ɗaya, na riƙe ɗaya.

"Ga shaidu biyu," na ce. "Na farko Liman Akkas, Allah ya ji ƙansa. Na biyu ni, wanda kika ce an saya da alewa. Ofis ba su san da takardar nan ba. Ranar da ya zo gidana, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai wata irinta. In an wayi gari ya ce ya biya ki tun bara, ko ya ce bai taɓa sakar miki gonar ba, wa zai tsaya ya ce shi ya riƙa sauke rabon gonar a ƙofar nan har kaka huɗu?"

Ta ƙara damƙe gefen takardar.

"Mutum ɗaya ne," na ce. "Shi ne kuma ake so ki ce ba kowa ba ne a gonar."

Ta zare takardar daga hannuna, ta naɗe. "Ka iya magana, Malam. Shi ma Munshi ya iya." Ta koma kan kajinta. Na fito ban san inda ta dosa ba.

Ran Alhamis tun hantsi mutum huɗu suka iso da zarto da igiyoyi. Sekandar na tsaye da wuƙarsa ta sassaƙa a ƙugu, ni kuma ina riƙe da hannunsa don kada a yi abin da za a yi da-na-sani. Mutane sun taru a kan iyaka, kowa na kallon bakin kowa. Babban masu zarton ya tofa yawu a tafinsa ke nan sai ga Jobeda, kujera a hannu ɗaya, gwangwanin ganyen taunawa a ɗayan. Ta ratsa taron, ta dasa kujerar a gindin babban dabinon, ta zauna ta jingina bayanta da shi.

"Inna, matsa mana," in ji mai zarto. "An biya mu rabin kuɗi."

"Wa ya biya ku?"

"Mu muka biya, Inna. Mai gona ya karɓa."

"To je ka karɓo abinka. Gonar nan jingina ce. Ko ƙaiƙayi ba ya fita daga cikinta da izinin Munshi sai ya ajiye mini dubu ɗari da hamsin a kan cinyar nan. Ko a garinku ba haka ake yi ba?"

Wani tsoho daga cikin taron ya ce haka ne, tun kaka da kakanni. Wasu suka amsa. Mai zarton ya koma gefe ya buga waya, muna jin muryar Tofazzal tana tashi kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Daga baya suka naɗe igiyoyinsu suka tafi.

Na zaci Sekandar zai gode mata. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Me za ta samu a ciki? Ko farashinta take ɗagawa?"

Ita ma da za ta tafi ta ce mini, ba tare da ta dube shi ba, "Gaya wa mutumin naka ba don fuskarsa na yi ba."

Ranar ashirin ma'aikata suka zo, su uku: wani saurayi mai tabarau riƙe da babban littafi, magatakardansa, da wani dattijo mai jan sarƙar awo. Tofazzal ya riga su isowa, sanye da farar riga, da laima da ya riƙa miƙawa kan mai littafin. Aka auna gona, aka rubuta sunansa. Sai saurayin ya tambaya wa ke noma.

"Ni ke sa a noma, Sahib," in ji Tofazzal. "Wannan dattijon bara na ɗauke shi aiki, don tausayi. Ga ma zanen da na saya masa a jikinsa."

Sekandar ya dubi lungin da ke jikinsa. Tsawon ransa bai taɓa musa wa mai gona a gaban baƙi ba. Da ƙyar ya ce, "Shekara ashirin da takwas, Sahib."

Saurayin ya cire tabarau ya murza ido. "Baba, tun daga bakin kogi har nan ban haɗu da wanda ya ce ƙasa da shekara ashirin ba. Jiya an nuna mini gidan kwano aka ce na kakanni ne, fentinsa na manne wa yatsa. Kana da takarda?"

"Ba a ba mu takarda. Baki ne."

"To baki biyu ne a gabana, wanne zan rubuta?"

Na matsa na gabatar da kaina, na roƙe shi ya ɗaga kai ya ƙirga tabon da ke jikin dabino. Ya dube ni da irin duban da ake yi wa wanda aka haɗa baki da shi, amma ya ƙirga. Na ce masa ba a fara tatsar dabino sai ya shekara shida da dasawa, ya haɗa da kansa.

"Ashirin da takwas," ya ce. "Na yarda an daɗe ana yankan bishiyar. Amma ba ta ce mini wane ne ke yankan ba, Malam."

Nan ilimina ya ƙare. Tofazzal ya gyara riƙon laima.

Dattijon nan mai sarƙa, wanda tun zuwansu bai ce uffan ba, ya ajiye sarƙar ya zagaya bishiyar yana shafa tabon da tafinsa. "Sahib, ubana wannan sana'ar ya yi har ya mutu," ya ce. "Dubi yadda hanyar ruwan ta karkata. Mai yanka da dama, nan take gangarowa. Wannan kuwa ta bi ɗaya gefen, tun daga na ƙasa har na sama. Sassaƙar bahago ce. Ga dabinon maƙwabci can, gwada ka gani."

Saurayin ya tsallaka iyaka ya duba, ya dawo ya duba. Sannan ya ce wa Sekandar, "Hau."

Sekandar ya tattare sabon lungin, ya zagaya igiya a ƙugu, ya bi matakalar da ya sassaƙa da kansa. Da ya kai wuya ya zare wuƙa da hannun hagu, ya shafe fuskar yankan bana sau uku, siriri kamar ɓawon albasa. Ruwa ya tsattsafo, ya bi hanyar da na shekarun baya suka bi.

"Bahago ɗaya ne a duniya?" in ji Tofazzal.

"A Hijaltala dai ɗaya ne," wani ya amsa daga baya. "Tun yana yaro ake dukan hannun nan a kan akushi, ya ƙi ji."

Aka kwashe da dariya. Mai littafin bai yi ba. Ya ce an gaya masa akwai mai riƙe da jingina, ina take? Jobeda ta fito daga cikin mata. Tofazzal ya kafa mata ido, ya ɗan ɗaga gira. Sekandar na rataye a sama, ya daina motsi.

"Yadda na tarar da dabinon haka na tarar da dattijon nan," ta ce. "Kaka huɗu yana kawo mini rabi, bai taɓa rage ko mudu ba, duk da bakinsa ba daɗi. Ka rubuta shi." Ta kwance ledar ta miƙa takardarta. "Ni ma ka rubuta ni."

Saurayin ya karanta takardar har ƙarshe. Ya ce tata maganar ba a gona za a yanke ta ba, tunda ba rajista. Zai sa alama a gefen shafi cewa akwai mai da'awa, ta zo ofis da shaidunta kafin a saki kuɗin ƙasa, amma bai yi mata alkawarin komai ba. Sannan ya sa biro ya rubuta layi biyu.

Sekandar ya sauko ya tsaya a kan littafin yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Na miƙa hannu zan karanta masa, ya ce in dakata. Ya sa dattijo mai sarƙa ya fara karantawa. Ya kira ɗan mai shayi, wanda ba ya ga maciji da ni tun da na kayar da shi a jarrabawa, shi ma ya karanta. Sai na uku ya ce, "To, Malam."

Na karanta: Sekandar, ɗan Moizuddin, mai noma bisa rabo. Dabino goma sha ɗaya, shi ya dasa.

"Bakinku ya zo ɗaya," ya ce.

Tofazzal ya naɗe laimarsa ya nufi titi bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari da sassafe na buɗe ƙofa na tarar da Sekandar tsugune, tukwane biyu na ruwan dabino a gabansa, kumfa bai ko kwanta ba. Ya turo mini ɗaya.

"Wannan ba alewa ba ce," ya ce. "Ba na neman komai."

"Ɗayar fa?"

"Ta waccan matar ce. Ta ce ran Lahadi za a je ofis, wai ni da kai ne shaidunta." Ya ɗauki tukunyar ya miƙe. "Zan je. Amma ka gaya mata ni zan biya kuɗin motata, kada gobe a ce saye na aka yi."